Yadda memori ya cinye wa wani mawaƙi kasuwar faifai a Kano, da abin da ya biyo baya

Mutumin da zan ba da labarinsa ɗan'uwana ne, ɗan yayar mahaifiyata, Yaya nake ce masa, kuma ba zan kama sunansa ba. Mawaƙin fiyano ne, irin waƙoƙin soyayyar nan da ake ce wa nanaye, ba ya cikin manyan da kowa ya san fuskarsu amma in aka saka waƙarsa a gidan biki za ka ji mata suna bin baitin har ƙarshe. Ni na riƙe masa littafin lissafi tun ina sakandare, duk kwabon da ya shiga ko ya fita ta hannuna ya bi, shi ya sa in na ji ana musu wai tura waƙa kyauta taimakon mawaƙi yake ko kashe shi yake sai in ji kamar a tsakar gidanmu ake maganar. Ga dai abin da ya faru, daki-daki.

Kafin 2010: yadda harkar take

A lokacin tsarin a fili yake. Za ka shiga sitidiyo a wajajen Zoo Road ka biya kuɗin zama, ka sallami mai kiɗa, ka sallami yarinyar da za ta yi maka amshi, in kuma ba kai ka rubuta waƙar ba ka ba marubuci nasa. In waƙoƙi sun kai takwas ko goma an haɗa albam, sai ka ɗauki masta, wato faifan asali da za a buga kwafi daga gare shi, ka nufi Ƙofar Wambai ko Bata wajen 'yan kasuwa. Ko dai ka sayar musu gaba ɗaya su ba ka kuɗinka ka wanke hannu, ko ka buga da kanka ka raba musu bashi kana zagayawa karɓa duk mako. Yaya na biyun yake yi, yana da wani Alhaji guda da yake ɗaukar fiye da rabin kayan, daga shagonsa ne masu baro da yaran da ke bin motoci a danja suke sara, haka fatake daga Maraɗi da Damagaram da Maiduguri da Jos.

Satar fasaha kuwa dama can akwai ta tun zamanin kaset, kar wani ya ce da waya aka fara. Sai dai ɓarawon wancan lokacin sai ya sayi faifai fanko, ya buga kwali, ya nemi inji, ya samu inda zai kasa, wato shi ma jari yake zubawa kuma yana da wurin da za a same shi. Kafin jabu ya cika kasuwa kana da mako biyu zuwa uku, kuma a wannan ɗan tsakanin ake mayar da uwar kuɗi har a ga riba. Albam ɗinsa na 2009 kwafi 5,000 muka buga, ya ƙare, muka ƙara bugawa. Da kuɗin ya yi lefe.

A ƙasashen Turawa abin ya riga ya fashe tun 1999 da Napster, manhajar da wani ɗalibi Shawn Fanning ya ƙirƙira a Amurka, mutane na musayar waƙa ta intanet har kotu ta sa aka rufe ta a 2001. Mu a shekarar 2001 ɗin ma GSM ta shigo Najeriya, data kuwa sai mai hali. Namu bai zo ta intanet ba, hannu da hannu ya zo.

2010 zuwa 2012: farkon ciwon

Wayoyin Chana masu shan memori da ƙatuwar sifika su suka fara canza komai, ga Bluetooth. Sai ga wata sabuwar sana'a ta 'yan dawunlodin, yaro da tebur da lema da laftof da ƙaramin janareta, a Farm Centre da Beirut Road da bakin kowace tasha, ka miƙa memori ka ba da naira 50 ko 100 a zuba maka waƙoƙin da in faifai za ka saya sai ka kashe dubbai. Faifai ɗaya lokacin naira 100 zuwa 150 ne, waƙa takwas a ciki, kuma sai kana gida akwai wuta za ka ji.

Albam na 2011 ranar Juma'a muka kai shi kasuwa. Washegari Asabar muka je Farm Centre gyaran wayarsa, muna tsaye sai wani yaro da bai wuce shekara sha bakwai ba ya ɗago daga laftof ya ce masa, “Oga akwai sabuwar wane fa, jiya-jiya ta fito, in zuba maka?” Sunan Yaya ya faɗa, bai san shi ne a gabansa ba. Yaya ya ce kunna mu ji, yaron ya kunna, ya tsaya ya saurari muryarsa har waƙar ta kai rabi, sannan ya tambaye shi mutum nawa ya tura wa yau. Yaron ya ce tun safe ita ake tambaya, bai ƙirga ba. Har muka iso gida a babur bai ce min uffan ba, da daddare ne ya ce ɗauko littafin nan mu ga nawa muka kashe.

Wannan albam ɗin ya sayu amma da ƙyar, kusan kashi ɗaya cikin uku ya dawo mana a kwali. Sai dai dole in faɗi wani abu don adalci, ba memori kaɗai ke cin kasuwar ba a shekarun. Harin 20 ga Janairu 2012 ya girgiza Kano, aka sa dokar hana fita, baƙi suka ja baya da shigowa. A watan Mayu 2013 kuma aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, fataken Maiduguri da suke ɗaukar kaya kwali-kwali aka daina ganinsu. Saboda haka a littafina faɗuwar biyu ce ta haɗu, ba zan iya tsaga ta in ce ga rabon wannan ga na wancan ba.

2013: kame da Allah ya isa

Abu na farko da aka gwada shi ne ƙarfi. Mawaƙa da 'yan kasuwa suka haɗa kuɗi, Yaya ya ba da nasa, aka ɗauki jami'ai aka riƙa bi layi-layi ana ƙwace laftof. Mako guda tebura suka ɓace. Mako na biyu iyayen yara da masu unguwanni suka fara sintiri ana ba da haƙuri, kuma gaskiya in ka ga yaron da aka kama, maraya ne ko shi ke ciyar da gidansu, kai da ka kawo ƙarar sai jikinka ya yi sanyi. Kafin wata ya cika sun dawo, wasu ma sun koma cikin shago sun sa labule. Kuɗin mota da na sallamar jami'ai ya fi abin da aka ceto.

Na biyu, ya sa aka ɗauki muryarsa a farkon faifai yana cewa bai yafe wa duk wanda ya kwafa ba tare da izini ba. Wasu yaran suka yanke wurin, wasu ko yankewa ba su yi ba. Na sha zama da samari ina tambayarsu, amsar kusan ɗaya ce, wai ai ba su ɗauke masa komai ba, waƙarsa tana nan a hannunsa, su kwafi kawai suka yi. Mutumin da ba zai taɓa ɗaukar faifai a shago ya sa aljihu ba shi ne zai tura wa mutum goma kuma ya kwana lafiya.

Ana cikin haka Android ta yi araha, manhajojin tura fayil daga waya zuwa waya irin su Flash Share da Xender suka shigo, albam guda ya koma abin da ake turawa kafin a gama gaisawa. Daga nan ko da an kulle duk 'yan dawunlodin na Kano babu abin da zai canza, don kowane mai waya ya zama shago.

2014 zuwa 2015: karya farashi da sulhu

Sai aka koma lallashi. Muka rage farashin faifai, muka bar kwali mai kyau muka koma 'yar takarda a leda, muka haɗa tsofaffin waƙoƙi da sababbi a faifan MP3 guda. Ribar kowane kwafi ta zama ba ta taka kara ta karya ba, kuma cinikin bai ƙaru ba, saboda ba tsada ce ta kori mutane ba, na'urar kunna faifan ce ma aka daina saya, mai shayi da direba da tela duk sun koma sifika mai shan memori.

Daga nan ya yi abin da da farko ya rantse ba zai yi ba, ya zauna da manyan 'yan dawunlodin. Aka yi yarjejeniya, za su haɗa kuɗi su biya shi sau ɗaya, shi kuma ya ba su waƙoƙin kwana ɗaya kafin kowa. Wannan ya ɗan yi aiki, aƙalla kuɗin sitidiyo ya fita. Matsalar ita ce wanda ya biya da wanda bai biya ba duk zuwa la'asar sun samu, to a karo na biyu sai masu biyan suka ce su ma me zai sa su biya, kuɗin ya ragu, a karo na uku abin ya watse. Ya gwada waƙar kiran waya ma, wadda mai kiranka zai ji, ta hannun wani dillali, amma bayan kamfani ya cire nasa dillali ya cire nasa abin da ke isowa kaɗan ne kuma sai an yi watanni ana bi.

Abin da ya buɗe masa ido a wannan tsakanin siyasar 2015 ce. Wani ɗan takara ya sa ya yi masa waƙa, ya biya kuɗin a dunƙule, sannan yaransa suka ɗauki waƙar da kansu suka bi 'yan dawunlodin suna roƙo a zuba wa kowa kyauta, har da ɗan abin shan ruwa suke ba su. Yaya ya ce min, “Ƙanina ka ga abin da na gani? Mu muna biya a hana, su suna biya a yaɗa.” Na rubuta kuɗin waƙar nan guda ɗaya a littafi, ya fi ribar albam ɗin 2014 gaba ɗayansa.

2016 zuwa 2017: faifan ƙarshe da kiran Damagaram

A 2016 naira ta faɗi, tattalin arziki ya shiga matsi, faifai fanko da ake shigo da shi daga waje ya yi tsada. Duk da haka ya dage ya buga kwafi 1,000, ya ce mawaƙi ba albam ba mawaƙi ba ne. Ko 300 ba a sayar ba. Alhaji ya kira shi ya ce, “Malam zo ka kwashi kayanka, ni ma shagon zan canza masa sana'a.”

Bayan 'yan watanni sai ga kira daga Damagaram, wani ɗan kasuwa zai aurar da 'yarsa, amarya ta ce ita lallai sai mai waƙar nan. Mutumin ya ce sai da ya bi ta hannun mutum huɗu kafin ya samu lambar, don a wayarsu waƙar ba ta da ko suna, lamba ce kawai, wasu ma wani mawaƙin daban suke jingina wa. Muka je tare. Wallahi abin da na gani a filin nan har yau yana idona, albam ɗin da ko kwafi ɗaya ba mu aika Nijar ba, yara ƙanana a kan katanga suna rera shi baiti-baiti, da ya ɗaga makirfo ya yi shiru sai filin gaba ɗaya ya ƙarasa masa. Liƙin daren da kuɗin gayyata, da muka canza sefa zuwa naira, ya biya asarar faifan ƙarshe har da saura.

A mota muna dawowa ya yanke shawara, kuma abubuwan da ya canza ƙanana ne in ka kalle su. Ya daina albam, ya koma sakin waƙa ɗaya-ɗaya. Kowace waƙa a farkonta ana faɗin sunansa, a ƙarshe lambar waya, haka sunan fayil ɗin da hoton da ke fitowa a fuskar waya duk da suna da lamba, ta yadda ko ta kai Agadas ko zangon Kumasi za a san mai ita. Ni da kaina nake ɗaukar filash in bi teburan da muka taɓa sa a kama in ba su kyauta, yaron nan na Farm Centre ma yana ciki, lokacin ya girma ya yi shago. Sannan ya riƙa daidaita sakin waƙa da lokacin da bukukuwa ke yawa, gab da azumi da bayan salla. Aikin da ya fi kawo kuɗi ya zama waƙar amarya da ango, a kawo sunayen dangi da ƙawaye a biya kafin a shiga sitidiyo.

2018 zuwa 2020: YouTube da kulle

Da muka waiwayi YouTube sai muka tarar wasu sun riga mu, tsofaffin waƙoƙinsa suna kan tashoshin mutanen da ba mu sani ba, an kalla ba adadi, talla na bi ta kai kuɗin na tafiya wani wuri. Muka buɗe tasharsa a 2018, shekarar da YouTube ya sa sharaɗin sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a fara biyanka. Mabiyan ba su yi wuya ba saboda sunan ya riga ya zaga, abin da ya ba mu wahala wasiƙar lambar tabbatar da adireshi ce da ake aikowa ta gidan waya, sai da muka nema har sau uku. Bayan nan kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla ne naka. Muka kai ƙorafin waɗancan tashoshin, aka sauke wasu, wasu masu tashar suka kira suna ba da haƙuri aka daidaita.

Wani abin da lissafin ya nuna, kallon da aka yi daga Najeriya da Nijar kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, ɗan abin kirkin daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya da Turai yake zuwa duk da su ne marasa yawa.

Sai korona. A Afrilu 2020 aka kulle Kano, biki ya tsaya cak, waɗanda suka ba da kafin alƙalami suka fara neman a mayar musu. Watannin nan kuɗin YouTube ne kaɗai ke shigowa, yana sayen abinci amma bai kai haya da kuɗin makaranta ba, sai da ya sayar da fiyanonsa guda. Da can ko ba ya nan faifai na sayuwa a shagon Alhaji, yanzu in bai tsaya a gaban jama'a ba babu.

2021 zuwa 2023: inda aka tsaya

Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, ya shigo Najeriya a Fabrairu 2021, ga Audiomack, ga Boomplay da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno, duk mun ɗora. TikTok ya karɓi aikin da Bluetooth ya yi a da, baiti ɗaya in 'yan mata suka hau kansa sai ka ga kira ya ƙaru a makon. A Maris 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda ta tanadi hanyar sa a sauke abin da aka ɗora a intanet ba izini, amma ba ta da abin da za ta yi wa waya biyu da ke tura wa juna a zaure.

Littafin 2023 ga abin da ya ce: fiye da rabin kuɗin daga biki da waƙar da aka sa shi ya yi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga siyasa da tallan 'yan kasuwa saboda shekarar zaɓe ce, ragowar YouTube da manhajojin sauraro. Wanda ya sayi waƙa don ya mallake ta, babu ko ɗaya. Yana riƙe da gidansa, ya sake sayen fiyano, ba ya bin kowa bashin faifai kuma ba a binsa.

Alhaji yanzu caja da gilashin waya yake sayarwa. Masu baro sun watse. 'Yan dawunlodin ma waƙa ta daina kawo musu ciniki, sun koma fina-finai masu dogon zango da fassarar Indiya. Mai kiɗa bai ji jiki sosai ba tunda kuɗin zama yake karɓa. Wanda ya fi ba ni tausayi marubucin da ke rubuta masa waƙa ne, malamin firamare, da in albam ya sayu ana ƙara masa wani abu, yanzu sau ɗaya ake biyansa, haka mai amshin da ta yi aure ta bar zuwa biki, muryarta tana yawo a wayoyi ita ko sisi.

Abin da na fahimta

In tambayar ita ce ciniki, wato a ba da kuɗi a karɓi waƙa, to tura waƙa ya kashe shi murus a wurinmu, ban ga ta inda za a yi gardama ba. Rashin tsaro da faɗuwar naira sun ƙara masa gudu, amma tsaro ya dawo Kano faifai bai dawo ba. A Amurka ma kuɗin sayar da waƙa ya sauko daga dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa wajen biliyan 7 a 2014. Na san masana sun yi saɓani, Oberholzer-Gee da Strumpf sun fitar da bincike a 2007 suka ce ba su ga tasirin musayar fayil a kan ciniki ba, Stan Liebowitz ya ƙalubalance su. Ni abin da ya fi kama da abin da na gani shi ne na Suwidin, da aka tsaurara doka a Afrilu 2009 masu bincike a Jami'ar Uppsala suka ga zirga-zirgar intanet ta ragu da kashi 16, cinikin waƙa ya tashi da kashi 36 a wata shida na farko, daga baya da tsoro ya ragu mafi yawan tasirin ya dushe. Kamen da muka yi a 2013 ke nan, mu namu mako guda ya yi.

Amma shi Yaya a karan kansa turawar ce ta kai shi inda faifai bai taɓa kai shi ba. Kame da Allah ya isa da karya farashi duk sun faɗi ne saboda ƙoƙari ne na sayar da abin da kowa ke da shi a aljihu. Abin da ya yi aiki ya yi ne saboda ya koma sayar da abin da ba a turawa, wato tsayuwarsa a filin biki da sunan amarya a cikin baiti, kuma ya tabbatar duk inda waƙar ta faɗa tana ɗauke da hanyar da za a neme shi. Dama can makaɗan Hausa na fada da na noma da na biki ba da sayar da kwafi suka rayu ba, da kyautar iyayen gida suka rayu, shi ya sa komawar ba ta zo wa jama'a baƙuwa ba. Sai dai tana da tsada, don yanzu mai biya shi ke zaɓar abin da za a rera, irin waƙar da Yaya yake zama wata guda yana sassaƙawa don kansa ta yi ƙaranci, kuma na san abin yana damunsa.

Ribar kuma duk ta taru a kan mai fuska da suna, waɗanda ke bayansa su aka bari. Wannan ne na kasa haƙura da shi, na yi ta yi masa naci har a ƙarshen 2023 ya yarda muka rubuta takarda, marubuci da mai amshi kowa yana da kaso a kuɗin YouTube na duk sabuwar waƙa, ni nake cirewa in tura musu duk ranar da kuɗi suka shigo. Tsofaffin waƙoƙin, waɗanda su ne ma aka fi kallo, har yanzu muna kan magana.